Na Ci Tarar Yaro Na Ƙyale Alhaji, Yanzu Ƙungiya na Neman Watsewa

Wasiƙar wannan makon daga cikin birni ta fito. Na rage mata tsawo, na kuma cire sunan unguwa da na mutane kamar yadda mai ita ya roƙa.

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban ƙungiyar ci-gaban unguwarmu a nan cikin badala, shekarata ta biyu ke nan. Muna zama duk Lahadin farkon wata bayan la'asar a wani aji na firamare. Kowane magidanci yana ba da dubu ɗaya a wata, da ita muke sallamar 'yan sintiri, mu yashe kwata, mu gyara taransifoma in ta ƙone. Tun kafin in hau muna da doka uku a baki: ba zagi, ba siyasa, ba katse mai magana. Wanda ya karya, tarar dubu biyu. Wata huɗu da suka wuce wani matashi mai tuƙa adaidaita ya miƙe ya ce a faɗa musu inda kuɗin gyaran kwata suka shiga, har ya kira ma'ajinmu ɓarawon zaune. Nan take na ci shi tara, na kuma dakatar da shi zama uku. Ya biya. A zaman watan jiya wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina, wanda shi ya karɓa mini aure, shi ne kuma ya ba da rabin kuɗin taransifoma, ya fusata da wani yaro da ya yi masa gardama. Ya ce masa ɗan iska mara tarbiyya, ubanka ma bai isa ba, ya ƙara da cewa duk masu irin hularsu haka suke. Ni dai na ce a yi haƙuri Alhaji, a yi haƙuri, muka ci gaba. Tun daga ranar matasa sun daina ba da kuɗin wata, uku cikin 'yan sintiri sun ajiye tocila, ana kirana shugaban masu kuɗi. Malam, wallahi ban ci sisin kowa ba. Amma ta yaya zan dubi idon mutumin da ya zame mini uba in ce ya kawo dubu biyu? Ina tunanin ko dai in mayar wa wancan matashi kuɗinsa a ɓoye, ko in ajiye muƙamin kowa ya huta. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, babu wanda ya fi a cikin biyun nan. Duka gudu ne, sai dai ɗaya gudun dare ne, ɗaya na rana. Zauna tukuna mu warware zaren, don abin bai kai lalacewar da kake zato ba, amma kuma ya fi yadda ka ba ni labarinsa nauyi.

Na yarda ba ka ci sisin kowa ba. To amma ka lura, ba wanda ya ce ka ci. Shugaban masu kuɗi suka ce, ba su ce ɓarawo ba. Ƙarar da suke kai ka ta mudu ce. Ka taɓa tsayawa a Dawanau ko Kasuwar Rimi ka ga yadda rigima take tashi a wajen awo? Mai saye yakan haƙura da tsada. A ce masa kwanon masara ya tashi, ya yi tsaki, ya ce Allah ya kyauta, ya zaro kuɗi ya biya. Amma ranar da ya gano mai awo yana da kwano biyu a bayan buhu, ɗaya lafiyayye na manyan masu saye, ɗaya an bubbuge masa gindi na irinsa, to daga ranar ko sadaka aka ce ya zo ya karɓa sai ya kifa kwanon ya duba. Sura guda a Alƙur'ani da narkon masu wannan hali ta buɗe, Suratul Muɗaffifina, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar su tauye. Dubu biyun da matashin nan ya biya ba ita ta hana 'yan'uwansa ba da kuɗin wata ba. Ai tun wata huɗu ya biya, ba wanda ya ajiye tocila. Sai ranar da suka ga kwano na biyu.

Kusan kowa a garin nan ya taɓa jin labarin matar nan 'yar ƙabilar Makhzum da ta yi sata a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Gidansu babban gida ne cikin Ƙuraishawa, abin ya dame su, suka rasa mai iya tunkarar Manzon Allah da maganar sai Usama ɗan Zaidu, saboda sun san matsayinsa a wajensa. Usama ya je ya yi ceto. Amsar da ya samu, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito a Buhari da Muslim, ita ce abin da ya hallaka mutanen da suka gabata shi ne in mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Sannan ya rantse cewa da 'yarsa Faɗima ce ta yi, da ya yanke mata hannu. Abin da nake so ka kama a nan shi ne, mutanen da aka ce sun hallaka ba marasa doka ba ne. Suna da doka, suna kuma aiki da ita da zafinta, in dai ta faɗa kan wanda ba shi da kowa. Zaɓen wanda za ta ci ne ya kashe su. Kai kuwa ba wanda ya aiko maka da Usama. Mai ceton a cikin ƙirjinka yake: tunawa da mahaifinka, da ranar ɗaurin aurenka, da wutar da kuke gani a unguwa.

Ba raina wannan nauyin nake ba. Ni ma haifaffen garin nan ne, na san aminin uba uba ne, na san abin da ake nufi in an ce mutum ya karɓa maka aure. Duk wanda ya ce ka miƙe a tsakiyar aji ka nuna Alhaji da yatsa ka ce "kawo dubu biyu", ko dai bai san Kano ba, ko so yake ya ga an yi wasan kura da kai. Kuskurenka shi ne ka zuba girmamawa da hukunci a tukunya ɗaya, sai ɗaya ya cinye ɗaya. Girmamawa tana da muhallinta: yadda za a isar da magana, da inda za a isar da ita, da lokacin, da wanda za a tafi da shi. A nan ana bambanta babba da yaro, dole ma a bambanta. Hukuncin kansa shi ne bai san furfura ba. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, wadda har gobe ɗaliban fiƙihu suke karantawa, ya umarce shi ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa da adalcinsa, don kada babba ya sa rai za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da rai daga samun adalci. Mutum biyun nan duka ka samar da su a zama ɗaya. Wato a cikin ajin nan, kana kan kujerar shugaba, fuskarka ɗaya ce ga kowa. A ƙofar gidan Alhaji kuwa ka cire takalmi ka durƙusa, ba wanda zai ce ka yi laifi.

Bari in ba ka nawa, kada ka ga kamar na taka nawa tudun ina hango naka. A farkon shekarun 1980 ina koyarwa a wata firamare a nan cikin gari, ni ne mai tsaron ƙofa da safe, tsumagiya a hannu. Doka ita ce duk wanda ya zo bayan an buga ƙararrawa, bulala uku. Wata safiya cikin hunturu yara biyu suka shigo kusan kafaɗa da kafaɗa. Na farko na san sai ya gama kai wa uwarsa tallan koko kafin ya sa rigar makaranta, dunduniyarsa duk faso. Na ba shi ukunsa cif. Na biyu ɗan mai gidan da nake haya ne, a lokacin kuma ana bina kuɗin ɗaki na wata biyu. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Wuce, gobe ka zo da wuri." Mai tallan koko yana tsaye yana murza tafin hannu a cinya. Bai yi kuka ba. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, shi ƙararrawarsa daban ce?" Na daka masa tsawa ya shige aji. Yau sama da shekara arba'in, ya zama magidanci har da jikoki, mukan haɗu a wajen jana'iza ya gaishe ni da ladabi, amma ban taɓa haɗa ido da shi ban ji tambayar nan ba. Bulalar da na yi masa ba ta damuna, ai ya yi latti. Wadda ban yi ba ce take damuna. Kuma tun daga wannan makon yaran suka daina tsoron ƙararrawa, suka koma lissafin wa ye uban wa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaye ni ba, amma wasiƙarka ta faɗa mini. Ka ce dokarku tara ce, dubu biyu. To dakatarwar zama uku daga ina ta fito? Ba ta cikin ukun da ka lissafa. Daga zuciyarka ta fito, a daidai lokacin da kalmar ɓarawo ta doki kunnenka. Ka ce "nan take", kuma wannan kalmar ita ta fi ba ni tsoro a duk wasiƙar. Hadisin Abu Bakra sananne ne, cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Da aka tura Sayyidina Ali ya yi alƙalanci a Yaman, abin da aka hore shi da shi shi ne kada ya yanke sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta bakin na farko. Ko dokar ƙasa ma, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 a kan haka yake, a saurari mutum kafin a yanke masa. Na san ku ba kotu ba ne, ƙungiyar unguwa ce da bencin 'yan aji uku. Amma ka tambayi yaron me ya gani har ya faɗi haka? Ka ba shi damar janye kalmar? Alhaji dai ya samu "a yi haƙuri" har sau biyu. Ka ga ashe ba cika wa Alhaji kawai ka yi ba, ka kuma tauye wa yaro. Tauyewar nan ita ce bashin da ke kanka kai kaɗai, ba ruwan Alhaji a ciki.

Sannan akwai wadda ta fi wannan. A cikin zagin matashin nan akwai tambaya: ina kuɗin kwata suka shiga? Ka hukunta zagin, daidai ne. An amsa tambayar? Ban ga inda ka ce an amsa ba. Dubi abin da idon mai zama a bencin baya: mutum ya tambayi kuɗi, an ci shi tara, an kore shi wata uku, ba a karanta lissafi ba. Ko ma'ajinku waliyyi ne, wannan hoton ba zai yi masa kyau ba. Wannan ita ce cutar da ta fi kama masu riƙe da taro, ko na unguwa ko na kasuwa ko na masallaci: sai su maƙale wa yadda aka faɗi magana don su huta da abin da aka faɗa. Talaka kuwa sau da yawa bai iya shafa wa maganarsa mai ba. Mai tuƙa adaidaita da ya wuni yana faɗa da cunkoson Ƙofar Wambai da na 'Yankura ba zai zo da la'asar ya yi maka lafazin malamin jami'a ba. In dokar ladabi ta zama wuƙar yanke tambaya, masu iya magana ne kawai za su riƙa tambaya, su kuma galibi ba su ne ruwan kwata yake shiga wa ɗaki ba. Ma'ajin ma an tauye shi. An kira shi ɓarawo a gaban jama'a, abin da zai wanke shi ba dubu biyun wani ba ce, rasit ne: yashi nawa, bulo nawa, siminti buhu nawa, leburori nawa aka ba su, saura nawa. In lissafin a tsaftace yake, karanta shi gata ne a gare shi. In kuma akwai rami a ciki, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ku gani tun yana ƙarami.

Shi ya sa na ce mayar da kuɗin a ɓoye gudun dare ne. Da farko ma ba zai ɓoyu ba. Kafin ka kai gida an sani a majalisar mai shayi. Abin da za a karanta a ciki kuwa shi ne an soke doka don kada ta taɓa Alhaji, an kuma toshe bakin yaro da kuɗinsa na kansa. Ya yi zagi, tararsa tana nan daram. Ajiye muƙami kuma, wa za ka bar wa bugaggen kwanon? Wanda zai gaje ka zai tarar da doka da kowa ya san tana da ƙofar baya. Lokacin da Shehu al-Maghili ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasiha kan riƙon jama'a, abin da ya yi ta nanatawa a cikinta kuwa shi ne tushen kowace ɓarna shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Ƙungiyar unguwa ba sarauta ba ce, amma shawarwarinka biyu duka ɓuya ne. A gaban jama'a aka yi ɓarnar, a gabansu za a gyara.

Ka fara da Alhaji, kuma kada ka kai ranar zama ba ka gan shi ba. Ka je gida bayan isha'i, ba a majalisarsa ba inda abokan hira za su sa shi ya ƙi abin da zai iya yarda da shi shi kaɗai. Ka tafi da mutum ɗaya sa'ansa da yake jin nauyinsa, liman ko mai unguwa. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, sannan ka ce wani abu kamar haka: "Baba, a matsayin ɗa na zo, ba shugaba ba. Ranar nan kunyarka ta hana ni aikin da kuka ɗora mini, yanzu yaran sun ce na yi 'yan mowa da 'yan bora, ƙungiyar da ka zuba wa dukiyarka za ta watse a hannuna. Ni ba zan iya cin tararka ba, amma kai za ka iya cin tarar kanka. Ka rufa mini asiri." Mutumin da ya ba da rabin kuɗin taransifoma ba dubu biyu ce take yi masa wuya ba, fuskarsa yake karewa. Kai kuma ka kawo masa hanyar da biyan zai ƙara masa girma maimakon ya rage. Dattawanmu ba sa son a kama su, amma suna son a ce su ne suka ceci al'amari. Babba juji ne, in an tuna masa cikin ladabi yakan karɓa.

Abu ɗaya za ka roƙe shi da babbar murya: kada ya ƙara ko sisi. Na san halin masu hannu da shuni, zai miƙe ya ce ga dubu hamsin a sa a asusu, a yi ta kabbara, shi ke nan tara ta narke ta koma gudummawa, yaran kuma su koyi cewa mai kuɗi yana iya sayen zagi a kan sari. Dubu biyu cif, kamar yadda mai adaidaita ya biya, a rubuta ta a layi ɗaya da tasa. In yana da niyyar alheri, watan gaba ma wata ne. Kai ma kada zafin son wanke kanka ya sa ka ninka masa ko ka dakatar da shi don matasa su tafa maka; wannan ma bugaggen kwano ne, an dai juya shi ne.

In ya ƙi fa? Yana iya ƙi. To sai a rubuta hukuncin a karanta shi a zama cikin ladabi, ka miƙe ka ce a matsayinka na ɗansa ka biya masa, a bayyane, kowa yana gani. Ba ita ce ta fi ba, amma al'adarmu ta san ɗa ya ɗauke wa uba. Abin da ba ya biyuwa da aljihun wani shi ne "ubanka ma bai isa ba". A garin nan ka san zagin uba ya fi ɓarawon zaune ciwo, kuma mai yiwuwa uban yaron a sahu ɗaya yake sallah da ku. Ko Alhaji ya je ko bai je ba, kai ka taka har gidansu ka gaida mahaifin, ka ce a gabanka aka yi kuma ka yi shiru, a yafe maka. In kuma tsoronka Alhaji zai janye hannunsa daga ƙungiya, ɗauki biro ka lissafa dubu ɗaya ɗaya na gidajen da suka daina biya a shekara, ka ɗora da daren da unguwa take kwana ba mai tocila.

Mai adaidaita kuwa kada ka aika a kira maka shi. Ka same shi inda yake ajiye mashin da daddare. Magana uku za ka yi masa: tara tana nan saboda ya yi zagi, dakatarwa kuskurenka ce ba ta cikin doka, tambayarsa kuma za a amsa ta ranar Lahadi da takardu. Kada ka tsaya yi masa wa'azin cewa hana kuɗin wata zawarawa da tsofaffin unguwa yake cutarwa, ko da yake gaskiya ne. Ba kai ne za ka faɗa ba a yanzu, mai dokar barci ne da ya ɓuge da gyangyaɗi. In sun ga gyara su da kansu za su dawo. A wasiƙar nan ta Umar akwai inda ya ce kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ka sake dubawa ka gane ta, don haka ba kai ne farkon mai warware abin da ya ɗaura ba.

Dokokinku kuma a fitar da su daga baki a sa su a takarda. Dokar baki kamar roba take, tana miƙewa gwargwadon wanda ya ja. Ɗauki "ba siyasa" kawai. A Kano? Garin da tun shekarun 1950 aka rabu tsakanin jam'iyyun NEPU da NPC, aka zo farkon shekarun 1980 jam'iyyar PRP ɗaya ta dare gida biyu, santsi da taɓo, yau kuma kalar hula ta isa a san inda mutum ya dosa? Kowa ya ga yadda zumunci ya sha wuya daga zaɓen 2023 har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 12 ga Janairun 2024 kan zaɓen gwamnan Kano. Dokar tana da amfani, amma sai an faɗi iyakarta. In mutum ya ce kansila ya yi alkawarin kwalbati bai cika ba, wannan maganar unguwa ce, ko daga wace jam'iyya kansilan ya fito. In ya ce duk masu irin hularku haka kuke, wannan ita ce siyasar da aka hana, kuma ka ga ke nan Alhaji doka biyu ya taka a numfashi ɗaya. Ban ce a ci shi tara biyu ba, tunda ba a taɓa fayyace haka ba. A fayyace yanzu don gaba. Kai ma kana da inda zuciyarka ta karkata, kowa yana da shi. Duk ranar da za ka tsawata wa wani, ka sauya masa hula a ranka, ka ga ko har yanzu maganar tasa laifi ce.

"Ba katse mai magana" ma haka. Ban halarci zamanku ba, amma na halarci irinsa ba adadi: dattijo ya yi minti goma sha biyar yana tarihin yadda aka haƙa rijiyar masallaci, ba mai tari, yaro ya buɗe baki, kafin ya kai aya an ce "a taƙaita, magariba ta gabato". Wannan zaman kashin dankali ne da ba ya shiga littafin tara, amma yaran suna ƙirga shi. A bar dattawa su fara magana ko su rufe, wannan girmansu ne. Minti dai ya zama ɗaya ga kowa, uku uku, a ba wani yaro waya ya riƙa dubawa. Hukunci kuma a ɗauke shi daga wuyanka kai kaɗai, a ba mutum uku, dattijo da matashi da wani na tsakiya, su yanke a zama na gaba bayan zuciya ta huce kuma an ji ta bakin mai laifi. Duk wanda abin ya shafi ubansa ko surukinsa ko maigidansa ya koma gefe. Da akwai wannan tsarin tun farko, da ranar nan abin da za ka ce kawai shi ne "an rubuta, kwamiti zai duba", ba sai ka dubi idon kowa ba. A sayi littafi mai bango mai kauri, kowace tara a sa kwanan wata da abin da aka faɗa da abin da aka yanke, don in an sake irinta bayan shekara a buɗe a ga yadda aka yi wa na farko.

Ranar zaman, bayan addu'a, kafin ma'aji ya buɗe takardunsa, kafin Alhaji ya ce komai, kai za ka fara miƙewa. Ka ce ka yi kuskure biyu, ka ƙara wa wani abin da ba ya cikin doka, ka kuma ga an karya doka ka kau da kai. Ka nemi a ƙara doka ta huɗu, cewa shugaban da ya ga laifi ya yi shiru shi ma dubu biyu ne, sannan ka zama farkon wanda ta ci. Wannan zai sauƙaƙa wa Alhaji miƙewa bayanka fiye da duk lallashin da ka yi masa a gida. Ka tafi da kuɗin a hannu, kada ka ce za ka yi taransifa. So ake 'yan bencin baya da masu leƙe ta taga su ga takardun sun sauka a kan teburin ma'aji, su ga an buɗe sabon littafin an rubuta sunanka a layin farko.